Me ya sa kwamfuta ke kasa gano kalmar Limbu da ke gabanta?

Tambaya: Malam, ina koyon aikin tsara manhaja, an ba ni jerin kalmomin harshen Limbu in zuba a rumbun bayanai. Akwai kalmar da nake gani ƙuru-ƙuru a allo, amma da na neme ta sai kwamfuta ta ce babu. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, zargina ya fi ƙarfi a kan wasali guda, wato "oo". Bari in faro daga tushe.

Limbu harshe ne na gabashin Nepal da jihar Sikkim ta Indiya, rubutunsa kuma ana kiransa Sirijanga. Ya shiga Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, a 2003, a fitowa ta 4.0, inda aka keɓe masa lambobi daga U+1900 zuwa U+194F. Kowane baƙi a wannan rubutu yana zuwa da wasalinsa na asali a ciki. In ana son wani wasali daban, sai a liƙa wa baƙin alama. Alamomin tara ne, daga U+1920 zuwa U+1928, kuma koyaushe baƙi ake fara bugawa sannan wasali, kamar yadda mai buga ajami ke yi da fataha ko rufu'a. In kalma ta fara da wasali, akwai harafi na musamman, U+1900, da ke goya shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Alamar "a" (U+1920) tana zama a saman baƙi. Alamar "ee" (U+1923) tana tsayawa a damansa. Ita kuwa "oo" (U+1925) gaɓa biyu gare ta, ɗaya a sama ɗaya a dama, kuma a ido kamar an haɗa waɗancan biyun ne. Saboda haka mai bugawa da bai sami "oo" a madannansa ba sai ya danna "a" ya bi ta da "ee", ya ga siffar ta fito, ya wuce abinsa. Ido ya gamsu, amma kwamfuta lambobi take ƙirgawa: a wuri ɗaya lamba guda, a ɗayan lambobi biyu. A wajenta kalmomi biyu ne da ba su haɗa komai ba. Haka "au" (U+1926) take, ana iya kwaikwayonta da "a" da "ai" (U+1924). Mu ma mun san irin wannan ciwon, in wani ya rubuta ƙ wani kuma ya sa k da waƙafi a sama.

Za ka ce ai akwai tsarin daidaita rubutu irin su NFC da ke gyara wannan. A rubutun Bengali yana gyarawa, domin an rubuta a Unicode cewa wasalin U+09CB daidai yake da U+09C7 haɗe da U+09BE. Ba a yi wa "oo" ta Limbu wannan rajista ba, kuma ƙa'idar Unicode ta hana a ƙara wa harafin da ya riga ya fito irin wannan daidaito daga baya, don kada tsofaffin fayiloli su rikice. Ina ganin hikimar ƙa'idar, sai dai nauyin ya faɗo kan al'ummar da dama rubutunta a intanet bai taka kara ya karya ba, kuma duk kalmar da bincike ya tsallake asara ce gare su.

Don haka gyaran a hannunka yake. Ka fito da lambobin kalmar ɗaya bayan ɗaya ka duba. "Oo" ta gaskiya a UTF-8, wato hanyar adana lambobin Unicode a fayil, ita ce E1 A4 A5. Duk inda ka tarar da U+1920 da U+1923 a manne, ko wanne ya riga, ka mayar da su U+1925, na "au" ma haka. Ka sa wannan gyara a ƙofar shigar bayanai da kuma akwatin bincike, amma ka ajiye kwafin asali, ka kuma nuna wa mai karanta Limbu kafin ka taɓa dukan rumbun. In kuma akwatuna kake gani a madadin haruffa, wannan wata cuta ce daban: ka saka salon haruffa na Noto Sans Limbu ko Namdhinggo.