Marsandin da kawunka yake so ya saya

Kai yaro, ka ce kawunka ya ga Marsandi S350 ƙirar 2006, 'yar Kwatano, a kuɗin da bai fi na Camry mai kyau ba, yana tambaya ko za ta yi masa ƙarko, kuma nawa gyaranta zai riƙa ci. Ajiye wayar nan ka saurare ni.

Motar ce ta yi araha, kayan gyaranta suna nan a farashin mai kuɗin da ya fara sayenta sabuwa. Wanda ƙarfinsa ya ƙare a kuɗin saye, a kan bakanike yake sauke nauyinsa. Ni an sauke a kaina.

Wani mutum ya taɓa kawo min irinta sak, yana fama da babbar riga da ƙamshin turare. Fitilar inji a kunne, sarƙar inji tana ƙara idan an tayar da safe. Na sa kwamfutar binciken mota, ta ba ni lambobin matsala 1200 da 1208. Tun kafin in buɗe bonet na san ciwon. Injin M272 ne, akwai wata giya a cikinsa da sarƙar inji ke hawa, a na farko-farkon ƙarfenta bai da ƙwari, haƙoran sai su cinye. Abin bai fi tafin hannunka ba, amma sai an sauke inji gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Na gaya masa. Ya ce, "Oga, yi aikinka, kuɗi ba matsala ba ne."

Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ban samu na asali ba, sai daga kasuwar Ladipo ta Legas aka aiko min, da kuɗina. Muna cikin aikin, wata safiya na tarar gabanta ya durƙushe har taya ta shige ciki. Motar ba ta da sifirin, kan jakar iska take tsaye. Jaka ɗaya ta tsage, kwamfuresa ya yi ta hura ba hutu har ya ƙone. Na kira shi, ya ce in canza duka. Na canza.

Ranar Juma'a ya zo, ya ce bari ya gwada ta zuwa masallaci ya dawo mu yi lissafi. Da kaina na goge masa sitiyari. Da na gano gidansa bayan watanni, ya riga ya sayar da ita, kuma wai ni ne na lalata masa giyabos! Giyabos mai giya bakwai, wanda duk mai taɓa Marsandi ya san farantin lantarkin cikinsa yana mutuwa da kansa, mota ta maƙale a giya ɗaya. Ko kusa da shi ban je ba. Kuɗin kayan ɗakin 'yata ne suka tafi a motar nan. Har yau idan na tuna, abinci ba ya min daɗi. Allah ya isa.

Ku yaran yanzu, kun ga kujerar fata da tauraro a hanci, kun kalli bidiyo biyu a waya, shi ke nan kun zama masana.

Ka ce wa kawunka, in sanyi da laushi yake nema, ya nemi Lexus ES350. Injinta ɗaya da na Camry mai silinda shida, kayanta ko'ina akwai. In kuwa ya nace sai Marsandin, to duba baƙin mai da lagireto ba sai na koya maka ba. A bar ta ta kwana a inda idonku yake, da asuba ku ga ko ta zauna. A sa mata kwamfutar Marsandi ta ainihi, don dillalai suna goge fitilar inji su ɓoye matsala. A karanta min lambar inji in gaya muku ko tana cikin masu ciwon. Ya kuma ware kuɗin gyara a gefe tun ranar saye.

In ta shigo garejin nan, kuɗin kaya a hannu kafin in taɓa noti ɗaya, ko da kawunka ne. Miƙo min sifana goma sha uku.