Amsa ga Hajiya kan halin maigidanta

Salamu alaikum Hajiya, Allah shi ba maigida lahiya. Kin ce likita ya ce ciwon baifola gare shi, ciwon ƙwaƙwalwa wanda mutum ke hayewa sama da zumuɗi ya faɗo ƙasa cikin baƙin ciki, kina tambaya ko ba halinshi ba ne kawai tunda dama can shi mai fara'a ne marar barci.

Ni ƙanena ke da shi, shekara 9 ke nan muna fama. Tun yana yaro barcin awa 4 ya ishe shi, ga surutu, a Babbar Kasuwa kowa nashi ne. Wallahi halin nan ne ya rufe muna ido, lokacin da ciwon ya taso kwana 5 bai runtsa ba, ya ɗauko babura 3 bashi ya raba ma 'yan kabu-kabu kyauta mu kuma muna ta cewa ai haka yake, sai da ya fara cewa za ya saye kasuwar duka sannan hankalinmu ya tashi.

Likitanshi ne ya fahimtar da ni cewa hali daban ciwo daban, amma hali na nuna ta inda ciwon ya fi biyowa. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Akiskal, ya kasa halin kashi 5: mai zafin nama irin ƙanena, mai yawan baƙin ciki, mai saurin fushi, mai fargaba, da wanda yau fari gobe baƙi. Irin ƙanena sun fi hayewa sama kuma sau da yawa maganin litiyom ya fi karɓarsu. Na yau fari gobe baƙin nan su suka fi ba ni tausayi, faɗowa ƙasa ta fi yawa gare su, har tunanin kashe kai, kuma in aka ba su maganin damuwa shi kaɗai yana iya birkita su.

Don haka Hajiya ki raka maigida asibiti, ki faɗa ma likita yadda yake tun kafin aure, ki tambayi mahaifiyarshi ma in tana raye. In litiyom yake sha, da zafin nan namu na Afrilu ya riƙa shan ruwa sosai, kar a yi wasa da awon jini, batun azumi kuma ku tambayi likita tun kan watan ya kama.