Kati shida sun yi wa ɗan rabin aji yawa

Ƙanwata na ga tambayarki. Kin ce kin karanta wa yaranki ƴan shekara 3 zuwa 4 labari, kika yanko kati shida masu hoto kika ce su jera daga farko zuwa ƙarshe, sai kowa ya jera yadda ya ga dama, wani ma ya tattara nasa yana ginin ɗaki da su, har kina tambaya ko yaran ne ba su da kai ko ke ce ba ki iya ba. To ki kwantar da hankalinki, ba ko ɗaya, gudu kika sa su alhali ko rarrafe ba su gama ba.

Shida fa! Ni da biyu nake farawa wallahi, ƙwai a kati ɗaya, ɗan tsako a ɗayan, in ce wanne ya riga? In sun zauna a kan biyu sai in ƙara na tsakiya, ƙwan ya tsage baki ya leƙo, ya zama uku, kuma muna iya yin sati biyu ko uku a nan ban matsa ba, sai wajen shekara 5 ne nake kai yaro kati huɗu ko biyar, shi ma in na ga yana neman ƙari.

Amma ba yawan katin ne babbar matsalarki ba. Ki ɗauko su ki duba da idon yaro. In a labarin yarinya ta ga akuya, ta ga tsuntsu, ta ga kyanwa, me zai hana kyanwar ta riga akuyar? Babu. Hadda kawai kike nema a wajensa kenan. Amma in yaro ya ɗauki kofi, ya yi tuntuɓe, ruwa ya zube, ya ɗauko tsumma, nan kam kowane hoto shi ya haifi na gabansa, ba yadda za a yi a goge ruwan da bai zube ba, kuma yaro ya san haka tun kafin ya zo ajinki. Piaget, masanin nan na ƙasar Suwizalan, tun a shekarun 1920 ya lura yara ƴan ƙasa da shekara 7 suna hargitsa labari in aka ce su maimaita shi da baki, mutane da yawa suka ɗauka shikenan ba su san farko da ƙarshe ba. Sai a 1975 wata masaniya Ann Brown ta gwada da hotuna ta nuna ƙananan yara suna iya jerawa daidai ko da bakinsu bai iya kawo labarin a jere ba, kuma abin ya fi musu sauƙi in akwai dalili tsakanin abubuwan. Kinga ashe kan yana aiki, kayan aikin ne sai an gyara.

Kafin ma ki taɓa almakashi, fara da abin da yaro ke yi kullum. Ya tashi daga barci, ya wanke fuska, ya sa riga, ya sa safa, ya sa takalmi. Wata masaniya Katherine Nelson ta yi aiki sosai a kan wannan, ta gano ɗan shekara 3 yana iya faɗa miki yadda abin da ya saba yi yake tafiya bi da bi. Ni abin da nake yi, sai in zauna a gabansu in sa takalmi tukuna sannan in kama kokawar jan safa a kansa, fuskata a murtuke kamar da gaske nake, ajin sai ya kaure, Malama ba haka ba ne! Malama safa ce farko! To ai sun jera labari kenan ba su sani ba. Yara suna son kama babba da kuskure fiye da komai, ki riƙa ba su wannan damar.

Sai abin da na fi so ki riƙe: in yaro ya gama jerawa kar ki ce daidai ko ba daidai ba, ki ce ba ni labarin. Ya ɗora yatsa a kan kati na farko ya yi magana, ke kuma naki kawai sai me ya faru, me ya sa. Sau da yawa yana cikin faɗa zai tsaya da kansa ya ce a'a, ya sauya katin, kin ga wannan gyaran da ya yi da hannunsa ya fi goma da ke za ki yi masa. Wani kuma zai jera a juye ya kawo miki labari mai ma'ana tsaf, ya ce ai ya goge ne sai ya sake zubarwa, to wannan ya ci, ki bar masa. Ni shekarata ta farko na sha kunya a nan, na rubuta lamba a bayan kati don kar in rikice, yarana suna jerawa fes ina ta jin kaina, ran da mai duba mu ta zo ta ce wa wata yarinya ba ni labarin, yarinyar ta juya katin tana nuna 1, 2, 3, ashe lambar suke leƙawa. Tun ranar ban ƙara rubuta komai a bayan kati ba.

Ki kula da harshenki ma. Da farko, sai, bayan nan, daga ƙarshe, waɗannan ki yi ta nanata su har su zauna a bakinsu, don su ne za su haɗu da su gobe a littafi. Amma irin “kafin ya fita ya sa takalmi” ki ɗan jinkirta, ƙaramin yaro abin da ya fara ji shi yake ɗauka ya fara faruwa, wata masaniyar harshe Eve Clark ta nuna haka a 1971, sai ki ga ya sa katin fita a gaba kuma ba laifinsa ba ne. Ki faɗa a yadda abin ya faru, ya sa takalmi sai ya fita.

Ƙaramin abu amma yana cin mutane, ki sa ɗigo ko tauraro a gefen hagu na tebur ki ce daga nan muke tashi, saboda rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama, wani yaron kuma idonsa ya saba da rubutun da ke farawa daga dama irin na Larabci, zai jera daidai ke ki ga kamar ya juya. Tambaye shi ina farkon kafin ki yanke hukunci.

Minti goma ya isa, yara huɗu ko biyar a tebur ba duka aji ba, kuma labarin ki karanta shi sau uku ko huɗu a ranaku daban kafin kati ya fito. Wanda baya son magana ki bar shi ya yi da jiki, ya zama shi ne mai tuntuɓen. Cikin shidan nan naki ki ware uku da suka fi kama juna ki gwada ran Litinin, sauran ki ajiye a kwali, in mun haɗu ki zo min da su in gani ko akwai na cirewa.