Me ya sa murya ke komawa kamar daga rijiya bayan an cire ƙara a Audacity?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa sautin wasan kwaikwayon rediyo a wani ɗan ɗaki a Fagge, da manhajar Audacity. Wani lokaci jerin Effect yakan dushe ya ƙi dannuwa, kuma duk sanda na cire ƙarar janareta sai 'yan wasa su koma kamar daga cikin rijiya suke magana. Ko manhajar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Manhajarka lafiyarta ƙalau, halinta ne kawai ba ka gama sani ba. Dushewar jerin ba ta da wuyar magani, domin Audacity ba ta taɓa sautin da ba a zaɓa mata ba, kuma tsofaffin nau'o'inta sukan kulle jerin idan ka dakatar da sauraro maimakon ka tsayar da shi gaba ɗaya. Ka tsayar, ka danna Ctrl da A don zaɓar duk sautin, za ka ga ya buɗe.

Maganar rijiyar ce ke buƙatar natsuwa. Noise Reduction, wato abin rage ƙara da ke cikin jerin Effect, aiki ne mai hawa biyu: da farko kana ba ta samfurin ƙarar, sannan ta bi sautin tana rage duk abin da ya yi kama da samfurin. Idan numfashin ɗan wasa ko wutsiyar kalma ta shiga samfurin, to ka koya mata cewa muryar ma ƙara ce, ita kuwa za ta ci muryar ba tare da tausayi ba. Saboda haka ka riƙa barin daƙiƙa biyar na shiru kafin a fara magana, janareta na aiki kamar yadda zai yi a lokacin ɗauka, ka ɗebi samfurin daga nan. Sannan kada ka nemi kashe ƙarar dungurungum a bugu ɗaya. A ganina ɗan gurnanin da ya rage a ƙasa ya fi muryar da aka ƙwaƙule wa rai, domin mai sauraro a cikin adaidaita sahu ba zai ji gurnanin ba, amma zai ji muryar da ta lalace.

Akwai kuma ƙugin da ke shigowa ta waya, ba ta iska ba. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka Notch Filter, wato matatar da ke yanke sautin da ke kaɗawa a adadin da ka ba ta kawai, a kan 50, sannan 100 da 150 idan da saura, yakan yanke shi ba tare da ya taɓa maganar sosai ba. Wannan za ka fara yi, sai rage ƙara, sai a ƙarshe ka sa amsa-kuwwa. Idan ka juya tsarin, ƙarar ce za ka baza ko'ina cikin ɗakin da kake ƙirƙira da amsa-kuwwar.

Abin da ya fi damuna da masu farawa shi ne yin duk wannan a kan asalin sautin. Abin da ka sa daga jerin Effect yana sauya sautin ne kai tsaye, kuma da zarar ka rufe aikin, Ctrl da Z, masu janye gyaran da ka yi, ba za su dawo maka da jiya ba. Tun nau'i na 3.2 da ya fito a 2022 akwai damar ɗora wasu gyare-gyare a gefen layin sauti ba tare da an taɓa asalin ba, amma duk da haka ka riƙa kwafe layin da Ctrl da D, ka rufe bakin na asalin, ka yi gwajinka a kan kwafin.