Amsa: Me ya sa otal-otal ke jan ƙafa kan sabuwar fasaha?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa har yau sai an tsaya layi a kantar karɓar baƙi kafin a karɓi makulli, alhali waya ma tana iya buɗe ƙofa. Maganar kuɗi ce da farko. Kamfanin otal na Hilton sun fito da makullin waya tun 2015, amma galibin otal ɗin da ke ɗauke da sunan manyan kamfanoni ba mallakarsu ba ne. Mai ginin ne zai biya kuɗin sauya makullin kowace ƙofa, ka ga kuwa mai ɗaki 200 ba zai yi garaje ba.

Mu nan kuma ga matsalar wuta ga ta intanet. Na taɓa sauka wani otal a Abuja, ƙarfe ɗaya na dare kati ya ƙi buɗe ƙofa, ashe batirin makullin ne ya mutu. Ina tsaye da jaka har aka taso mai gyara daga barci.

Ita kanta fasahar takan ba da kunya. Otal ɗin Henn na a Japan ya buɗe da mutum-mutumi a matsayin ma'aikata a 2015, zuwa 2019 ya sallami fiye da rabinsu. Na cikin ɗaki idan ya ji minsharin baƙo sai ya ɗauka magana ake masa, ya tashe shi.