Wane man sitiyari ya dace da motata?

Tambaya: Sitiyarin motata ƙirar Honda ya yi tauri, yana kuka idan na juya shi, bakanike kuwa ya ce in zuba jan man giya. Daidai ne?

Amsa: Malam, kada ka yarda. Motocin Toyota da yawa suna karɓar man giya na Dexron, amma Honda tana da nata man na musamman, kuma wani daban yana iya lalata robobin da ke hana yoyo. Ka ɗiga na cikin tankin man sitiyarin a farar takarda. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, a zuƙe shi a zuba sabo, sannan a ɗaga gaban motar a riƙa juya sitiyari dama da hagu har iska ta fita, domin sau da yawa ita ke jawo kukan.