Tambaya da Amsa: Zan sayi gona a ƙauye mai nisa, ina ya fi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole nan Damagaram, na ɗan tara abin da Allah ya hore kuma hayaniyar birni ta ishe ni, ina son in sayi fili can ƙauye nesa da kwalta in yi noma da ɗan kiwo, in tsufa ya zo in koma can gaba ɗaya. Wani dillali ya ce akwai fili gaban Tanut ko hekta nawa nake so, kuɗin bai kai rabin na kudu ba, abokina kuma ya ce in nufi wajen Magarya. Dan Allah ina ya fi? Mai karatu daga unguwar Zango.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. To na Tanut ɗin nan dai ka bar kuɗinka cikin aljihu tukun, ka tambayi dillalin gaban Tanut ɗin ina ke nan takamaimai. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayan layin nan yankin makiyaya ne, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙara jaddada cewa ƙasar gwamnati ce, ba wanda ke da ikon killace ta ya ce tasa ce shi kaɗai, balle ya sayar maka. Ko da filin ya faɗo cikin Damargu inda ake noma, ruwan sama can sau da yawa bai kai milimita 300 a shekara, Magarya kuwa tana haura 500, rijiyoyin Damargu kuma zurfi gare su na ban tsoro. Arha ba ta ado.

Ni in da ni ne kudu zan nufa, amma fa kudu ma ba ɗaya ba ce, ruwan ƙasa shi zai raba maka gardama. Mu nan birni ai mun san abin da zama kan dutse ya jawo mana, daga Gogo da Aroungouza da Ganaram ake turo mana ruwa. Kwarin Korama da ya ratsa Matamaye da Magarya ruwa kusa yake, shi ya sa rakensu ya cika gari, haka wajen Gidimuni da lambunanta da dabino. Sai dai kada ka je da damina kaɗai ka ga ko'ina kore shar ka ruɗe, ka koma watan huɗu ko na biyar lokacin da rana ke dukan tsakiyar kai, ka tsaya bakin rijiyar garin ka ga tsawon igiyar guga, ka ɗanɗana ruwan don wani kwarin kanwa ce cikinsa, ka tambayi matan da ke jan ruwa ko tana ƙafewa, su ba su da riba cikin cinikin, gaskiya za su faɗa maka. Da damina kuma hanya za ka duba, ko mota na shiga ko sai amalanke, don mai shirin tsufa a wuri dole ya san tafiyar minti nawa ce zuwa likita, ya kuma duba ko salula na kama rezo.

Ƙasar kanta ba ta da wuyar ganewa, in ka ga gawo tsaye cikin gona alamar alheri ce, shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana kuma ga taki, in ka ga wuta-wuta ta mamaye ta to gonar ta gaji. Wajen Gure kuma rairayi ne ke tafiya yana binne kwari.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne wajen mai gonar. Kudu akwai cunkoson jama'a, kusan kowace gona ta gado ce, sai ka ga babban wa ya sayar shi kaɗai, bayan shekara biyu ƙane ya dawo daga Libiya ko Kano, ko ƙanwar da ke aure wani gari ta aiko a ba ta rabonta, kuma gaskiya gare su, in ba a raba gado ba ma a fikihunmu na Malikiyya abokin tarayya na da haƙƙin shuf'a, wato ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe gonar. Wata gonar kuma jingina ce ko aro a hannun wanda ke noma ta, ya daɗe ciki har yara sun ɗauka tasu ce. Saboda haka ka fara da gaida mai gari, ka sa a tara magada duka maza da mata, a zagaya iyaka da maƙwabtan gona ta kowace kusurwa, ka tabbatar ba ta ci burtali ko mashayar dabbobi ba, don wannan rigima ce da ba ta ƙarewa.

Takarda kuwa ba wadda dillali ya rubuta a fallen littafin ɗan lakwal ba. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, akwai ta gari, ta kwamin da ta dapartama, a nan ake ba da shaidar sayarwa da sa hannun mai gari da shaidu, ka kai ta kwamin a shigar cikin rajista, in da hali a auna filin a kafa duwatsun iyaka. Kafin nan kada ka ba da ko jika ɗaya da sunan kafin alƙalami.

In da ƙauyen da kake da dangi ko surukai ko wani tsohon abokin ciniki, ka fifita shi ko da ya ɗan fi tsada, tunda kai kana Damagaram gona na can, wani ne zai tsare maka ita, musamman bayan girbi in hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki dabbobi suka shigo, lambun da ba shinge a kwana ɗaya ake share shi. Kuma ba laifi ka fara da hayar gona damina ɗaya a garin kafin ka saya. In ka samu sunan ƙauyen da dillalin ke nufi, ka sake rubuto mana.